Shirin tambayoyin da ake rufewa yana dawowa

Ina koyar da tarihi a wata sakandare, kuma babu abin da ke ƙona mini rai kamar in ji yaro ya ce karatu ba ya kawo kuɗi. Shi ya sa nake ganin girman shirin Who Wants to Be a Millionaire? fiye da yawancin abin da ake haskawa a talabijin. Wuri ne da ake zaunar da mutum a gaban jama'a, a biya shi saboda abin da ke kansa kawai, ba don ya iya rawa ko yana da uwa a gindin murhu ba.

A Ingila aka haife shi, a tashar ITV, cikin Satumban 1998, Chris Tarrant ne mai gabatarwa. Tambayoyi 15, kowace da amsoshi huɗu, wanda ya kai ƙarshe ya tafi da fam miliyan ɗaya. Idan ta kakare maka, kana da agaji uku: a cire amsoshi biyu na ƙarya, ko ka buga wa wani waya, ko ka tambayi 'yan kallo. Sai a shekarar 2000 aka samu wadda ta cinye duka, Judith Keppel. Shekara guda bayan haka wani manjo na soja, Charles Ingram, ya kai ƙarshe da taimakon tari da ake yi masa daga cikin jama'a duk lokacin da aka ambaci amsar gaskiya. Bai karɓi ko kwabo ba, kuma kotu ta same shi da laifi a 2003.

An rufe shirin a 2014, aka sake buɗe shi a 2018 da Jeremy Clarkson, har aka ƙara wani agaji na tambayar mai gabatarwa shi kansa. A 2020 Donald Fear ya ci miliyan ɗin, bayan shekara 14 ba wanda ya iya. Malamin tarihi ne, kuma agaji ɗaya tak ya taɓa. Na sha gaya wa ɗalibaina labarinsa, kuma ina ganin yadda idanunsu ke buɗewa.

Na Indiya ma ya isa a ambata, tunda mu nan ba baƙin Amitabh Bachchan ba ne. Ya fara gabatar da Kaun Banega Crorepati a 2000, lokacin da bashi ya yi masa katutu, shirin ya ɗaga shi sama sabo fil. Shah Rukh Khan ya riƙe kujerar a 2007, amma a 2010 aka sake komawa ga dattijon.

Namu na Najeriya ya soma a 2004, da Frank Edoho, MTN na ɗaukar nauyi. Duk wanda ya kalle shi zai tuna yadda Frank ke yin shiru yana ƙura wa mutum ido, har mai amsa ya fara shakkar sunan garinsu, sannan ya tambaye shi ko amsarsa ta ƙarshe ke nan. Wannan shirun shi ne ran shirin. Mu da ke gida mun riga mun faɗi tamu amsar, muna musu, wani na rantsuwa cewa C ce, yara na lissafi da yatsu. A 2009 Aroma Ufodike ya amsa duka ya ɗauki naira miliyan 10. Bayan shekara 13 shirin ya tsaya a 2017 da mai ɗaukar nauyin ya janye, sai a 2022 ya dawo, da Frank ɗin dai, kyautar kuma ta koma miliyan 20.

A baki an ninka. Amma a 2009 dala tana wajen naira 150, a 2022 kuwa ta haura 400 ko a farashin gwamnati. Ke nan miliyan 10 ta Aroma ta fi miliyan 20 ta baya auki. Duk da haka mutane sun yi murna da dawowarsa, wanda ke nuna mini cewa ba kuɗin ne ke jan mai kallo ba. Son gwada kai ne, da daɗin da mutum ke ji idan ya san abin da na kan kujera bai sani ba.

Abin da ke damuna shi ne harshe. Indiyawa ba su tsaya a Hindi ba, sun yi nasu da Marathi da Tamil da Malayalam. Mu muna da miliyoyin masu jin Hausa daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi, kuma kacici-kacici abu ne da muka taso muna saurara a rediyo. Akwai dattijo a kasuwar Kurmi da zai jero maka sarakunan Kano daga Bagauda ba tuntuɓe, akwai malama a islamiyya da ta haddace waƙoƙin Nana Asma'u, akwai direban tirela da ya san kowane gari tsakanin Maiduguri da Legas. Turanci ne kaɗai ya hana su waccan kujera.

Ina so in ga an yi irinsa da Hausa, a tambayi shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, da kogunan da ke zuba a Tafkin Chadi, da kimiyya da ƙwallo duka. Tashoshin suna nan, masu rubuta tambaya suna nan a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello. Mai ɗaukar nauyi ne ya rage, wanda zai yarda ya daɗe a ciki ba ya janye bayan zango ɗaya ba.