Yadda Muke Magana da Jirgin Asibiti Kafin Ya Sauka

Oba-obar da nake maƙalawa a ƙirji idan ina bakin aiki ba ta jin rediyon da matuƙi ke kiran hasumiyar filin jirgi da ita. Ko da helikwaftan yana bisa kaina, iskarsa na neman tafiya da hulata, ta wannan hanya ba za mu ji juna ba. Sabbin ma'aikata da ake turo mana a motar asibiti, nan karkarar Amurka inda nake aiki, kusan duk sai sun yi mamakin wannan.

Jiragen sama nasu zangon daban ne, daga 118 zuwa dab da 137 MHz (ma'aunin zangon rediyo ke nan), kuma AM suke amfani da shi har gobe. Mu kuwa da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda FM ne, wasu tsakanin 150 da 174, wasu wajen 460, manyan birane kuma sun koma 700 da 800. Ba tsufa ne ya hana 'yan jirgi barin AM ba. Idan mutum biyu suka danna a lokaci guda a AM, za ka ji wani fito mai huda kunne, ka san an taka maganar wani, ka ce a maimaita. A FM mai ƙarfi ne ke haɗiye mai rauni gaba ɗaya, ba za ka ma san wani ya buɗe baki ba.

Shi ya sa jirgin asibiti yake ɗauke da wata rediyo ta daban don mu kawai. Sauran rigimar ita ce wace tasha za a hau.

A yankinmu 155.340 muke hawa. Tsohuwar tasha ce da motocin asibiti ke kiran asibiti da ita, yanzu a jerin tashoshin haɗin gwiwa na ƙasa sunanta VMED28. Wasu gundumomin sun fi son tashar taimakon juna ta 'yan kwana-kwana, irin su 154.280. Su kansu helikwaftoci suna da 123.025 da suke gaya wa juna inda suke, sannan ga 121.5 ta neman agaji wadda duk matuƙin duniya ya haddace. Waɗannan biyun ba ruwanmu da su, namu a ƙasa mu san tamu tun kafin a kira jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni ra'ayina a nan a tsaye yake, kuma na sha musu a kansa da abokan aiki. Magana da jirgi ta tafi kai tsaye, daga rediyo zuwa rediyo, ba tare da ta bi ta wata doguwar eriya a kan tsauni ba. Sabon tsarin nan na 800 da kwamfuta ke rarraba layi yana da daɗi, murya tas, ga sirri. Amma hatsarin mota ba ya zaɓar wuri. Ya auku a cikin kwari inda sabis ɗin eriyar bai kai ba, ko kuma jirgin da ke kusa ya fita wani aiki, a turo na maƙwabciyar jiha wanda ba a taɓa saka masa tsarinmu ba balle mabuɗin sirrinmu, to shi ke nan. Sai mu kira ɗakin 911 mai karɓar kiran gaggawa, su buga wa kamfanin jirgin waya, kamfanin ya gaya wa matuƙi, amsa ta sake biyo wannan hanya ta dawo. Jirgi na shawagi yana shan mai, mutum na zubar da jini a kan kwalta.

Kawuna tsohon sojan sigina ne, yana Zariya. Da na ba shi wannan labari a waya dariya ya yi, ya ce, "Ɗan nan, ai mu tun da can abin da aka fara koya mana ke nan. Na'urar da ta fi wayo ita ke fara ba ka kunya a daji."

Tsayi ma yana da nasa sha'ani. Irin wannan zango a miƙe yake tafiya, inda ido zai kai nan yake kaiwa. Jirgin da ke mita 300 a sama muryarsa na iya kai kilomita 70, don haka FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta ƙayyade wa rediyonsa ƙarfin wat 10 a tashoshinmu, kuma kada ya hau su idan ya wuce tsayin mil ɗaya, gudun kada ya shiga maganar wata gunduma. Mu kuma 'yar oba-obarmu wat 5 ce, ga bishiyoyi, ga tudu, ga jikin mota. Sau da yawa mu ne ke fara jin sa, shi bai ji mu ba tukuna. A nan ne sabon shiga yake fara ihu cikin rediyo, kamar ƙarfin murya zai ƙara mata wuta. Sai in dafa shi in ce ya hau tudu, ya miƙar da eriyar tsaye, ya jira minti ɗaya.

Idan an haɗu kuma, mutum ɗaya ne ke magana, ba kowa da bakinsa ba. Zai faɗi faɗin filin sauka, ƙafa 100 kowane gefe ake so, ya faɗi ko ciyawa ce ko kwalta ko ƙura, da inda iska ke fitowa. Sai babban abu: wayoyin wuta. Daga ƙasa kana ganin waya ƙarara saboda sararin sama na bayanta. Daga sama kuwa ta saje da ƙasa, da dare ma ba a magana, sai dai matuƙi ya hango falwaya ya yi hasashe. Kullum nakan zagaya filin da ƙafata da tocila ina ɗaga kai kafin in ce komai. Ba ka ce masa "tana hannun damana", don bai san inda ka sa gaba ba. Ko dai ka ce gabas ko yamma, ko ka bi lissafin agogo daga hancin jirgin: ƙarfe 12 gabansa, ƙarfe 3 damarsa.

Sunan majiyyaci ba ya hawa wannan tasha, akwai masu ƙaramar na'urar saurare a gida da ba su da aiki sai jin abin da muke faɗa. Shekaru, nauyi, irin raunin, ya isa.

Da jirgi ya fara gangarowa kowa sai ya ɗauke yatsa daga madanni. Wanda ya ga waya, ko kare, ko wani ɗan kallo ya nufi farfelar wutsiya, shi kaɗai ke da izinin karya shirun, da kalma guda ta cewa a fasa, yana maimaita ta. Matuƙi ba zai tambayi dalili ba, sama zai yi, sai ya daidaita sannan a yi bayani.