Abin da ɗakin edita ya koya mini game da mai kallo

Da yawa daga cikin masu shirya fim suna ɗauka cewa mai kallo zama kawai yake yi ana zuba masa. A ajin sadarwa ma an karantar da mu wani tsohon ra'ayi da ake kira ra'ayin allura, wai saƙo yana shiga jikin mai kallo kai tsaye, ba tambaya ba musu. Malamai sun ce masana sun daɗe da barin wannan ra'ayi, amma ni ban gamsu sosai ba sai da na fara aikin haɗa fim a wani sutudiyo da ke Zoo Road a Kano, inda aikina kullum shi ne yanke shawarar abin da za a nuna da abin da za a ɓoye.

Abu na farko da edita yake ganewa shi ne rabin labarin ba a kan allo yake ba. Wajen shekarar 1920 wani Barashe mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. Su suka sa ma'anar. Ina ganin wannan a gaban kwamfuta kowace rana. In na nuna amarya ta sunkuyar da kai, na bi da hoton uwar miji a bakin ƙofa, ba sai kowa ya ce uffan ba. Duk macen da ta taɓa zama a gidan yawa ta riga ta ƙarasa zancen a ranta.

Kuma mutanenmu gwanaye ne a wannan aiki tun da can. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo fina-finan Indiya, kuma mutane suka yi shekaru suna cika gidajen sinima na Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba ba tare da sun ji Indiyanci ba, babu fassara. Daga fuska da kiɗa da yanayin tafiya suke gane waye jarumi, waye bos, wace ce za a yi wa auren dole. Suna yi wa jarumi ihu ya waiwaya, suna raɗa wa 'yan wasa sunayen Hausa, kamar yadda Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Har masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Annabi a kai. Wanda ya ɗauki abu ya sauya masa manufa haka ba za a ce masa ɗan zaman kallo ba.

Akwai kuma wata tsohuwar hanyar da ta bi ta ɗaya gefen, wato majigi. Motar gwamnatin Turawa ce take zuwa gari da daddare, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan noman auduga ko tsafta, ga mai bayani da lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani da darasin da za su ɗauka. Abin da ke damuna shi ne har yau muryar wannan mai bayanin tana cikin fina-finanmu. Mutum zai yi kuka, sai a sa shi ya ce raina ya ɓaci, sai a ɗora kiɗan tausayi, sai a dawo da ɓangaren fim ɗin da ya wuce don kada a manta dalili. A ƙarshe wani dattijo ya zauna ya yi wa'azin abin da aka riga aka nuna. Idan aka yi wa mai kallo haka, ba a bar masa aikin komai ba, sai ya ɗauko wayarsa. Mu ne muka mayar da shi ɗan zaman kallo, sannan mu dawo muna cewa ba ya mayar da hankali.

Na kuma koyi daina auna mai kallo da hayaniyarsa. In mun gama aiki mukan tara 'yan mutane su gani kafin a sake shi, ni kuwa fuskokinsu nake kallo. Dariya da tafi suna da daɗi, amma wani lokaci ɗan wasan da suke so kawai suke yi wa. Shirun da mutum yake yi ya matso gaba, ko ya taɓa na kusa da shi ya ce "wallahi ita ce ta ɗauke takardar", shi ne yake nuna kansa yana aiki. Ko kuskure ya yi a hasashensa ba komai, ya riga ya shiga cikin labarin.

Daraktoci suna da hujjarsu, kuma ba na raina ta. Yanzu zamanin fim mai dogon zango ne a YouTube da Arewa24. Mace tana kallo tana girki, yaro na kuka, wuta ta ɗauke, data ta ƙare a tsakiya. Wani darakta ya taɓa ce mini, "Malam, in ba ka maimaita ba sun ɓata." Gaskiya ne, ta fuskar wa ya auri wa da wa ke bin wa bashi. Wannan na yarda a tuna musu sau ɗaya, a taƙaice. Amma abin da ke zuciyar ɗan wasa, a nan nake dagewa a bar shi a fuska. Nakan roƙi a ba ni 'yan daƙiƙu bayan an gama magana, kyamara na kan wanda aka gaya wa, ba kiɗa. Wasu daraktocin suna yarda, wasu su ce a yanke, lokaci kuɗi ne. Idan aka ƙi, nakan nemi aƙalla a rage kiɗan, ko a jinkirta shigowarsa har sai mai kallo ya riga shi jin abin.