Hanta da ƙoda suna aikinsu, mu daina ɗora musu nauyi

Tun da zafin bazara ya kankama a Gusau nake ganin jama'a suna rububin jiƙe-jiƙen wankin ciki da ake sayarwa a jarka, kuma abin yana damuna ƙwarai. Allah ya riga ya sanya mana masu wannan aiki a jiki: hanta tana sarrafa guba, ƙoda kuma tana tace jini dare da rana tana fitar da dattin ta fitsari. Abin da na gwada na ga amfaninsa shi ne shan ruwa mai tsabta isasshe, yawaita zogale da rama a abinci, rage gishiri, tafiya da ƙafa bayan la'asar, da daina haɗiyar maganin ciwon jiki barkatai, domin yawansa yana lahanta ƙoda.

Amma akwai gubar da ganye ba ya fitarwa. Mu 'yan Zamfara ba mu manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum saboda niƙa duwatsun zinari masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Waɗanda suka tsira, maganin asibiti aka ba su, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu.