Yadda Na Kai 'Yan Aji Biyar Indunusiya da Ostareliya

Da fakitin Indomie na shiga ajin ran nan. Na ɗaga shi sama na ce, "Wa zai gaya mini garin su wannan taliya?" Hannuwa suka tashi. Wani ya ce Legas, wata ta ce Kaduna, wani yaro a bencin baya ya ce shagon mai shayin layinsu. Na rubuta sunan a allo, na raba shi biyu: "Indo" daga Indunusiya, "mie" kuma taliya ke nan a harshensu. A Najeriya ake yin wadda muke ci, amma asalinta daga can ne. Sai na nuna zanen da wata ɗaliba ta naɗe littattafanta a ciki, na ce ita ma atamfa tana da dangantaka da ƙasar, domin daga rinin batik na tsibirin Java Turawan Holan suka kwaikwayo ta, shi ya sa har yau iyayenmu mata ke kiran wata irin atamfa da suna Java.

Shekarata 11 ina koyar da darasin zamantakewa a wata firamare a Zariya. A zangon nan manhaja ta kawo mu kan al'adun wasu al'ummomi, sai na zaɓi in kwatanta rayuwar yaran Indunusiya da ta yaran Ostareliya. Maƙwabtan juna ne, teku ne kawai tsakaninsu, amma zamansu ya sha bamban. Kuma na lura duk lokacin da na kwatanta mu da wasu, yara kan shiga kare gida, ba sa tsayawa su saurara.

Makon farko na yi kuskure, kuma ya dame ni ƙwarai. Na ja layi a tsakiyar allo, Indunusiya a dama, Ostareliya a hagu, muka jera abinci, sutura, makaranta, addini. Na zagaya da wayata benci-benci ina nuna hotuna: yaran birnin Sydney na Ostareliya a bakin teku da hulunansu, yaran wani ƙauyen Indunusiya suna tafiya a kan kunyar gonar shinkafa. Ranar Juma'a na ce kowa ya rubuta abin da ya koya. Cikin yara 63, fiye da rabi abu guda suka rubuta: yaran Ostareliya Turawa ne masu kuɗi, yaran Indunusiya talakawa ne amma Musulmi ne.

Da dare na baje takardun a tabarma ina dubawa. Yaran ba su yi laifi ba, abin da na ba su ne suka mayar mini. Na ɗauko birni na aza kusa da ƙauye na ce ga ƙasa biyu. Alhali Jakarta, birni mafi girma a Indunusiya, ita kaɗai tana da mutum fiye da miliyan 10, ta kusa ninka Sydney, kuma tun 2019 tana da jirgin ƙasa na zamani mai bi ta ƙarƙashin gari. Mafi yawan mutanen tsibirin Bali mabiya addinin Hindu ne, na Flores kuma Kiristoci. A unguwar Lakemba ta Sydney akwai babban masallaci da yara Musulmi masu yawa. Sannan na tsallake 'yan asalin Ostareliya gaba ɗaya, mutanen da suka shafe fiye da shekara 50,000 a ƙasar kafin Bature ya taka ta.

Ran Litinin ban shiga aji da su ba, fili muka fita. Na sa aka zana babban murabba'i a ƙasa da toka, aka zana wani a gefe wanda bai wuce rubu'insa ba. Na tsayar da yara 3 a babban, na cusa 30 a ƙaramin. Waɗancan ukun har sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, su kuwa talatin ɗin ana ta "Malam, ya taka ni!" Na ce to ga Ostareliya, ga Indunusiya. Ostareliya ta ninka Indunusiya sau huɗu a faɗin ƙasa, amma mutanenta kusan miliyan 27 ne, Indunusiya kuwa wajen miliyan 280, a warwatse cikin tsibirai fiye da 17,000, kuma fiye da rabinsu a Java kaɗai suke. Wata yarinya daga cikin matsatsin ta ce, "Malam, me ya sa ba za su koma can ba tunda akwai wuri?" Tambayar da nake jira ke nan. Na ce tsakiyar Ostareliya hamada ce da busasshiyar ƙasa, shi ya sa manyan garuruwansu suka jeru a bakin teku. Java kuwa tokar duwatsu masu aman wuta ta zame mata taki, ga ruwan sama, har akan noma shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Inda abinci yake nan jama'a ke taruwa.

Daga ranar na goge layin allo. Na raba ajin gida huɗu, kowane rukuni da yaronsa: ɗan Jakarta, 'yar wani ƙauye a Flores, 'yar Sydney, da ɗan makiyaya a wani makeken wurin kiwon shanu da ke da nisa da garin Alice Springs na tsakiyar Ostareliya. Doka ɗaya na kafa, duk abin da aka faɗa sai an bi shi da "me ya sa?"

Hula ce ta fara nuna mini dokar tana aiki. A firamaren Ostareliya, yaron da bai sa hula mai faɗin baki ba, ba ya wasa a rana lokacin tara, inuwa zai zauna. Da farko yarana sun ɗauka gayu ne. Da na bayyana cewa ranar ƙasar tana da kaifi, kuma tana cikin ƙasashen da cutar dajin fata ta fi yawa a duniya, musamman ga masu farar fata, sai wani ya ce, "Ashe malafa ce irin ta Baffana." Na ɗauko lemo da tocila na karkata lemon, na nuna musu dalilin da ya sa watan Disamba, lokacin da muke rawar ɗari a hunturu, su suke tsakiyar zafi, suke dogon hutu, su koma sabon aji a ƙarshen Janairu. Indunusiya kuwa a kan layin da ya raba duniya biyu take, damina da rani kawai ta sani, a watan Yuli take fara shekarar karatu.

Abin da ya fi kama zukatansu shi ne makarantar iska. Yaran da ke zaune a wuraren kiwo masu nisan ɗaruruwan kilomita daga gari ba sa iya zuwa aji, sai aka buɗe musu makaranta ta rediyo a Alice Springs a 1951, malami yana magana daga gari, yara suna amsawa daga gidajensu. Yanzu ta intanet ake yi. Akwai wani ɗan Fulani a ajina, shiru-shiru, wanda sai a yi mako ban ji muryarsa ba. Ran nan ya miƙe ba tare da na kira shi ba ya ce, "Malam, su ma shanu ne suka hana su zama a gari?" Na ce ƙwarai kuwa, kuma mu ma tun 1989 muke da hukumar ilimin makiyaya. Shi ya jagoranci rukuninsu har muka gama.

Ɓangaren Indunusiya ya zo musu da sauƙi, har sauƙin ya so ya zama matsala. Yunifom ja da fari kalar tutarsu, taron ɗaga tuta kowace Litinin, yaro ya kama hannun malaminsa ya kai goshi idan zai gaishe shi, yara su share ajinsu bi da bi. Idan Ƙaramar Sallah ta zo, wadda suke kira Lebaran, miliyoyin mutane su bar birane su tafi garuruwan iyayensu, a ba yara kuɗin barka da sallah. Suna da aikin gayya, gotong royong suke ce masa. Suna da harsuna fiye da 700, yaro ya yi na gida da iyayensa, a makaranta ya koma Bahasa Indonesia. Yarana suka ji kamar 'yan'uwansu ne, nan take kuma suka juya wa Ostareliya baya. Wata ta ce, "Malam, su waɗancan ba su da tarbiyya ke nan, tunda ba sa rusuna wa malami."

Ban yi mata tsawa ba, domin da idon gidansu ta auna. Na ce kowace al'umma da inda take ajiye ladabinta. A can ana koya wa yaro ya bi layi, ya jira a ba shi dama kafin ya yi magana, ya yi godiya ko da ruwa aka miƙo masa. Kuma a makarantu da yawa, kafin a fara taron safe, sai an ambaci ƙabilar 'yan asalin da makarantar ke kan ƙasarsu, a girmama dattawansu. Na gaya musu, a taƙaice gwargwadon shekarunsu, cewa akwai lokacin da hukuma ta riƙa raba 'ya'yan 'yan asalin da iyayensu da ƙarfi, har Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa a 2008. Ajin ya yi tsit. Yarinyar nan ta tambaya ko yaran sun koma gida, na ce wasu sun koma, wasu kuwa har iyayensu suka rasu ba su sake haɗuwa ba.

Na ajiye labarin fataken Makassar sai makon ƙarshe, kuma da zan sake, da shi zan fara. Tun kafin Turawan Ingila su kafa mazauninsu a Sydney a 1788, masunta daga garin Makassar da ke tsibirin Sulawesi na Indunusiya suna bin iska zuwa gaɓar arewacin Ostareliya neman wata halittar teku da suke busarwa su sayar wa 'yan Sin, har zuwa 1907. Sun yi ciniki da mutanen Yolngu, wata ƙabilar 'yan asalin yankin, suka bar musu kalmomi: rupiya ga kuɗi, balanda ga Bature. Yaran da suka tashi da labarin fatake da ayarin Gwanja ba su sha wuyar gane wannan ba.

A madadin jarrabawa, na ce kowa ya rubuta wasiƙa ga ɗaya daga cikin yaran huɗu. Yarinyar da ta yi maganar tarbiyya ɗan makiyayan Ostareliya ta zaɓa. Ta gaishe shi, ta gaishe da iyayensa da shanunsu, ta ba shi labarin langa da 'yar gala-gala, sannan ta tambaye shi, idan malami ya kashe kwamfuta aka tashi tara, shi da wa yake wasa?