Kafin a miƙa wa mara lafiya takardar gwaji

Da yawa daga masu zuwa wurinmu a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa suna zaton akwai na'urar da za a ɗora musu a ka ta faɗi abin da ke damunsu, kamar yadda ake ɗibar jini a gano maleriya. Babu ita. Kayan aikina uku ne: hira, lura da ido, sai gwajin takarda. Da za a ce in ajiye ɗaya, takardar zan ajiye, duk da ita ɗalibai masu zuwa koyon aiki suka fi ɗoki a kai.

A wajenmu da wuya mutum ya zauna ya ce yana cikin baƙin ciki. Zai ce tsakar kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaurace masa. Kafin ya iso ya sha maganin taifot, ya sha rubutu, an yi masa ruƙiyya. Duk sai na tambaya, ba tare da na raina ko ɗaya ba, domin da zarar ya ga alamar raini bakinsa ya rufe ke nan. Yaushe abin ya fara? Me ya faru a gida a lokacin, rasuwa ce, haihuwa ce, kishiya aka yi, ko jari ne ya karye? Akwai mai irin wannan a dangi? Maganar tramadol ko kodin kuwa ba na ɗaga ta a gaban uba.

Mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma wannan gata ne, don 'yan rakiya sun ga abin da shi bai sani ba. Amma amarya ba za ta buɗe baki gaban uwar mijinta ba. Sai na saurari babba ta gama tsaf, sannan in ce, "Hajiya, don Allah a ɗan ba mu wuri in duba ta." Galibi bayan an rufe ƙofa ne hirar ke farawa.

Lura kuma tun daga bakin ƙofa take. Tafiyar mutum, tsaftar tufafinsa, saurin maganarsa. Littattafan da muka karanta sun lissafa rashin haɗa ido cikin alamomin da ake dubawa, amma yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce ta nuna. Abin da nake kallo daban ne: in jaririnta ya yi kuka tana waiwayawa? Tana tsayawa tsakiyar magana ta karkata kai kamar wani na kiranta alhali ba kowa?

Sai gwaji. Akwai wanda ake kira MMSE, Folstein da abokan aikinsa suka fitar da shi a Amurka a 1975 don auna mantuwar tsufa. Maki 30 ne, wanda ya samu ƙasa da 24 akan fara zargin matsala. Ana tambayar shekara da wata da kwanan wata, a ce mutum ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. To a ba tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Za ta faɗi warwas, alhali ita ke riƙe da lissafin adashen unguwa. In na ce, "Inna, wane wata muke ciki?" ta ce, "'Yar nan, ai saura kwana kaɗan azumi," ni a wurina ta ci wannan tambayar. Likitocin Ibadan da na Indiyanafolis ta Amurka sun ga wannan tun farkon shekarun 1990, shi ya sa a bincikensu na mantuwa suka yi amfani da gwajin da bai dogara da boko ba, suka haɗa da tambayar wani na kusa da tsohon. Ko gwajin basira na Raven na 1938, wanda zane ne zalla ba rubutu, ya fi sauƙi ga yaron da ya saba da takarda da fensir.

Ba cewa nake takarda ba ta da amfani ba. PHQ-9, gwajin auna ciwon damuwa, nakan yi aiki da shi kusan kullum: tambayoyi tara kan makonni biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Amfaninsa shi ne in wanda ya samu 19 ya dawo bayan wata biyu da 8, mun san magani na kamawa, shi ma ya gani da idonsa. Ni nake karanta wa mutum da baki, ba na miƙa masa ya cike.

Tambaya ta tara ita ce wadda sababbin ma'aikata ke son tsallakewa, ta ko mutum na tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Suna jin nauyi, suna tsoron kada su sa masa tunanin. Tambaya ba ta sa shi, kuma da yawa ajiyar zuciya suke yi don an samu wanda ya tambaya. In ya ce e, ko makinsa kaɗan ne, ba ya fita sai likita ya gan shi a ranar, mun kira wanda ya yarda da shi a dangi, mun kuma yi magana a kwashe fiya-fiya da tarin magunguna daga ɗakinsa.