Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar Pele

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya miƙa ni ga shugaban masu ɗaukar kaya a otal ɗin da yake yi wa gadi a Legas, kuma bisa tsari yau ya kamata in shiga zancen aurena na fari. Sai dai mai karatu ya yi mini haƙuri, domin akwai wata magana da ta tokare mini ƙirji tun ƙarshen shekarar 2022, kuma ina tsoron in bar duniya a ci gaba da ba da labarin a karkace, alhali ni ne abin ya faru da shi.

Mai ɗaukar kaya a babban otal yana ganin manyan mutane fiye da yadda ɗan jarida yake ganinsu, amma su ba sa ganinsa. Na ɗauki akwatunan jakadu da kwamishinoni da attajirai tun daga bakin mota har ƙuryar ɗaki, kuma da wuya a samu wanda ya ɗaga ido ya dubi fuskata. Dokar aikin ma ta hana mu yi wa baƙo magana sai shi ya fara, wanda kuwa aka kama yana roƙon hoto ko sa hannu, ranar zai ajiye rigar aiki.

A cikin wannan hali ne Pele ya sauka a watan Fabrairun 1976. Yaran yanzu da ke raba dare suna musu a kan Messi da Ronaldo ba za su gane nauyin wannan suna a wancan zamani ba. Mutum ne da ya ci Kofin Duniya da Brazil a 1958 yana ɗan shekara 17, ya sake ci a 1962 da 1970, kuma har yau babu ɗan wasan da ya ɗauki kofin sau uku in ba shi ba. A lokacin ya riga ya bar ƙungiyar Santos ya koma New York Cosmos a Amurka, kamfanin Pepsi ne kuma ya kawo shi. Ba shi ne zuwansa na farko ba, domin ya zo da Santos a 1969 ana cikin yaƙin basasa. A kwanakin farko ko kusa da kayansa ban je ba, saboda manyanmu a wurin aiki sun kasa sun tsare, su kaɗai ke taɓa jakarsa. Daga nesa na hange shi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gajartarsa, domin yadda rediyo ke kambama shi na ɗauka sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa, sai ga mutum madaidaici wanda na fi shi tsawo, cinyoyinsa ne kawai suka cika wando tam.

Ranar Juma'a 13 ga wata da safe muka ji rediyo ya koma kiɗan soja, sai ga muryar Laftanar Kanar Dimka yana sanar da juyin mulki. Kafin azahar labari ya bazu cewa an harbe Janar Murtala Muhammed a cikin motarsa, a cunkoson hanya, yana tafiya ofis a Barikin Dodan. Shekararsa 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba, kuma kwana goma kacal da sanar da ƙarin jihohi zuwa 19 da shirin ɗauke babban birni daga Legas. An murƙushe yunƙurin a ranar, Janar Obasanjo ya gaje shi, amma aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama, aka kafa dokar hana fita. Ni dai na shige ɗakin ajiyar kaya na zauna a kan akwatin wani baƙo na yi kuka kamar ubana ne ya rasu. Ina so a riƙe wannan, domin Baba ya bar duniya yana zaton ban damu ba.

Baƙi suka maƙale, ma'aikata da yawa suka daina zuwa, har da manyan nan masu tsare jaka. A garin ma akwai Arthur Ashe, zakaran Wimbledon na 1975, wanda sojoji suka kora daga filin tanis ana tsakiyar wasa ranar Litinin da ta biyo baya. Shi ban gan shi ba, kuma ba na cikin masu da'awar abin da ba su gani ba. Amma ranar da Pele zai bar otal ɗin, ni aka tura in sauko da jakarsa. Mu uku ne a cikin lif, ni da shi da wani mai raka shi. Ya dubi idanuna da suka yi jawur, ya dafa kafaɗata, ya faɗi wata magana da harshensu. A duk shekarun da na yi a aikin, shi kaɗai ne babban mutumin da ya lura da halin da nake ciki. Ban san lokacin da na zaro takardar shaidar kaya daga aljihu na miƙa masa da biro ba. Ya ɗora ta a bangon lif ɗin, ya rubuta sunansa da babban harafin farko mai lanƙwasa, biron ya ɗan huda takardar a ƙarshe saboda lif ɗin ya girgiza da ya tsaya.

Da na je gida bayan wasu watanni, na fito da ita a gaban Baba ina ɗoki. Ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, “Wato a makon da aka kashe Murtala, abin da ka tsinto mana ke nan? To, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.” Yaya Babba yana gefe ya bushe da dariya, kuma daga ranar ya laƙaba mini Ƙadangaren Pele, sunan da ya bi ni har gidan surukaina. Hajiya ma da aka kawo ta, da wannan suna ƙannena suka fara gabatar mata da ni, kuma har ta rasu idan muka yi saɓani sai ta tuna mini da shi. Allah Ya jiƙan Baba, ban taɓa mayar masa da magana ba, amma na shafe fiye da shekara arba'in ina gardama da wannan karin magana a cikin raina. Ban je Legas neman Pele ba, aikina nake yi, kuma ban ce na zama wani abu don ya dafa ni ba. Abin da nake so kawai a ce mini shi ne, lalle ka ga abin da ba kowa ya gani ba. Kowa yana da irin wannan ɗan labari, wani ya taɓa gaisawa da shugaban ƙasa, wani an taɓa karanta wasiƙarsa a rediyo, kuma ban ga abin da zai ragu a jikin mai sauraro ba idan ya bar mutum ya ji daɗin nasa.

Na ba Inna takardar ta ajiye mini a akwatinta tare da takardar shaidar gama firamare. Da ta rasu ina kan hanya aka buɗe akwatin, kuma Yaya ne ya buɗe. Ya ba ni ta firamaren, ya ce ɗayar kuwa bai gan ta ba, wataƙila gara ta cinye. Garar da ta bar takardar makaranta ta zaɓi ta Pele ita kaɗai, ban ce komai ba, saboda zaman makoki ake yi.

Pele ya rasu ranar 29 ga Disambar 2022 yana da shekara 82. Washegari autata ta shigo da waya a hannu ta ce, “Baba, ba takardar nan da kake ba mu labari ba ce wannan?” Ita ce kuwa, har da ɗan hujin biron. Babban ɗan Yaya ne ya sa hotonta a Facebook, ya rubuta cewa mahaifinsa ne ya karɓe ta hannu da hannu. Kafin mako ya zagayo wani gidan rediyo ya gayyaci Yaya, na zauna da kunnena na ji shi yana bayyana yadda Pele yake dogo ƙaƙƙarfa, wai sai da ya ɗaga kai kafin su haɗa ido. Duk dangi sun sani, a 1976 Yaya bai taɓa ƙetare gadar Jebba ba. Da Baba yana raye da na so in ji, idan ni ne ƙadangaren da ya sha ruwa albarkacin kaza, wane suna zai ba wanda ya zo lasar kaskon bayan shekara 46.

Na aika masa ta bakin ƙanwarmu cewa ba takardar nake nema ba, ya riƙe ta, girmansa ne. Abu ɗaya na roƙa, ɗansa ya juya ta ya ɗauki hoton bayanta ya sa a inda ya sa na gaban, domin a can akwai lambar aikina da sunana da na rubuta da hannuna tun a daren. Amsar da ta dawo mini da ita ita ce, Yaya ya ce a gaishe ni, kuma takardar ta sake ɓata.