Wasiƙa daga Landan: Nisan Tafiya Daban, Awannin Jirgi Daban

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata tambaya da masu shirin tafiya ke yawan yi, wato idan an san nisan da ke tsakanin filayen jirgin sama biyu, me zai hana a raba shi da gudun jirgi a fitar da awannin tafiya? A takarda lissafin yana fita, amma da wuya ya dace da abin da ke kan tikiti.

Tsakanin filin Heathrow na nan Landan da filin JFK na New York akwai kimanin kilomita 5,550, jirgin fasinja kuwa idan ya daidaita a sama yana gudun kusan kilomita 900 a awa, wanda a ƙa'ida zai ba da awa shida da 'yan mintuna. Sai ga shi tikitin zuwa Amurka yakan nuna kusan awa takwas, na dawowa kuma awa bakwai. Babban abin da ya raba zuwa da dawowa shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a daidai tsayin da jirage ke bi, tana tura mai zuwa Turai, tana kuma dakushe mai nufar Amurka, musamman a lokacin hunturu da ƙarfinta ke ƙaruwa. A watan Fabrairun 2020 ta ingiza wani jirgin British Airways har ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Haka kuma lokacin da kamfani ke rubutawa yana farawa ne tun jirgi ya bar mazauninsa, ya haɗa da jiran layi a titin tashi da tafiyar ƙasa bayan sauka, kuma a filin da ke da cunkoso irin Heathrow wannan ba ƙaramin lokaci ba ne.

Shi kansa nisan da ake faɗa, gajeriyar hanya ce a kan duniya mai siffar ƙwallo, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar taswira take bayyana a lanƙwashe ta gefen Kanada. Ba kullum ake samun ikon bin ta ba. Tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiya daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda a da ba ta wuce awa tara zuwa goma ba, ta koma kimanin awa 13, alhali biranen suna nan inda suke.

Abin da ya fi rikita sabon matafiyi, a ganina, shi ne agogo, domin tikiti yana nuna lokacin tashi da agogon garin da aka baro, na sauka kuma da agogon garin da aka nufa. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara, saboda haka wanda ya tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe ya sauka a New York ƙarfe 1 na rana, awa takwas ya yi a hanya, ba uku ba. Duk mai yada zango domin canza jirgi ya duba wannan da kyau kafin ya biya kuɗin tikiti.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Landan